Mu Tafi ko Mu Jira? Darasi a Kan Tuntuɓar Likita ta Kiran Bidiyo

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, muna so kowace ƙungiya ta iya bayyana abin da kiran bidiyo zai iya yi wa marar lafiya da abin da ba zai iya ba, ta kuma tsara yadda ma'aikacin lafiya na ƙauyenta zai riƙa samun shawarar likita ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Ana iya karanta shi a taron zumuntar mata, ko na matasa, ko na kwamitin lafiya. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a riƙa tsayawa ana tattaunawa.

Daren da kowa ya sani

'Yan'uwa, babu gidan da bai san irin wannan daren ba. Yaro ya kwana biyu da zazzaɓi, yau kuma numfashinsa ya sake. Uwa tana cewa a tafi asibiti yanzu. Uba yana lissafin kuɗin babur da na kati da na magani. Kaka tana cewa a bari gari ya waye. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Daga ƙauyukan Tsafe ko na Bungudu zuwa Gusau ba wata tafiya mai nisa ba ce, amma mu da muke bin hanyar mun san cewa idan rana ta yi sanyi ba kowane mai babur ne zai yarda ya fita ba saboda 'yan bindiga, da damina kuma rafi yakan cika ya raba mu da titi. Tafiyar da ba ta zama dole ba tana cinye kuɗin taki, jiran da bai kamata ba kuwa yana cin rai.

Abin da iyalin nan suke bukata a wannan lokacin shi ne wani mai ilimi ya dubi yaron ya ce musu, ku tafi yanzu, ko kuwa ku ba shi kaza ku kawo shi da safe. A ƙauyuka da yawa akwai ma'aikacin lafiya, wasunsu ma a Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe suka yi karatu. Yana da horo, yana da littafin ƙa'idojin aikinsa, amma shi kaɗai ne, kuma akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Likitoci kuwa sun fi yawa a Gusau, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da muke kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Darasinmu na yau a kan yadda za a haɗa waɗannan mutane biyu ne, ma'aikacin ƙauye da likitan birni, su dubi majinyaci tare.

Abin da aka koya a wasu wurare

Wannan ba sabon tunani ba ne. A shekara ta 2001 wasu likitoci a ƙasar Mali tare da asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Siwizalan suka fara wani shiri mai suna RAFT. Daga baya maƙwabciyarmu Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka shiga. Sun lura cewa intanet ɗinsu ba shi da ƙarfi, saboda haka suka tsara darussansu yadda murya da rubutu za su isa ko da hoto bai fita sosai ba. Likitan da aka tura wani gari mai nisa yakan saurari darasi, ya kuma aika tambaya game da majinyacin da ya ba shi wuya.

A shekara ta 2003 kuma, a jihar New Mexico ta Amurka, wani likitan hanta mai suna Sanjeev Arora ya ga mutanen karkara suna jira wata da watanni kafin su gan shi, wasu har ciwon ya yi nisa. Sai ya fara shirin da ake kira ECHO. Kowane mako ma'aikatan lafiya na karkara suna haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo, kowa ya kawo labarin majinyacinsa ba tare da ambaton suna ba, a tattauna, kowa ya ƙaru. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna cewa masu ciwon hanta nau'in C da aka yi wa magani a ƙananan asibitocin karkara sun warke daidai da waɗanda aka yi wa a asibitin jami'a, kimanin 58 cikin 100 a kowane ɓangare. Abin lura a nan shi ne, ba majinyaci ne ya riƙa kiran ƙwararren ba. Ma'aikacin da ke kusa da shi ne ya riƙa kira, kuma da tafiya ta yi tafiya shi kansa ya zama gwani.

A nan Najeriya ma an gwada, amma ta hanya mai tsada. A watan Mayu na 2007 aka harba tauraron ɗan'adam mai suna NigComSat-1, aka kuma shirya haɗa manyan asibitoci ta hanyarsa, ciki har da asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri. A watan Nuwamba na 2008 tauraron ya daina aiki saboda matsalar wutar da yake samu daga rana. A wancan lokacin aikin yana bukatar ɗaki na musamman da faranti da injiniya. Amma tun daga 2016 da WhatsApp ya fara kiran bidiyo, wayar da ke aljihun ɗan makaranta tana iya nuna wa likita fuskar majinyaci. Kayan aiki ya yi sauƙi. Abin da ya rage, wanda kuma ya fi wuya, shi ne shiri tsakanin mutane.

Darasin gubar dalma

Jiharmu ta riga ta biya farashin jinkiri. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da jijjiga da amai. An yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba su samu sauƙi ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ga abin a watan Maris, aka ɗebi jini aka aika ƙasar waje, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu.

Babu wayar da za ta iya auna dalma a cikin jini. Amma abin da ya faru ya koya mana cewa idan ma'aikacin ƙauye ya ga yara da yawa da ciwo iri ɗaya, magani kuma ba ya ci, dole ne ya kasance yana da wanda zai gaya wa a ranar, wanda kuma zai saurare shi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda zai tambaya.

Abin da ido zai iya gani ta waya

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Idan aka ce wa likita ta waya "yaron ba shi da ƙarfi", bai san ko gajiya ce ko suma ba ce. Idan ya gani kuwa, magana ta ƙare. Ga wasu abubuwa da bidiyo ko hoto yake taimakawa a kansu ƙwarai:

1. Numfashin yaro. A ɗaga masa riga, a riƙe waya daidai ƙirji na minti ɗaya. Likita zai ga ko ƙasan ƙirji yana shiga ciki idan yaron ya ja numfashi, su kuma ƙirga tare. Ga yaro ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40 ko fiye. Wannan alamar ciwon haƙarƙari ce da ake kira nimoniya.

2. Tamowa. Ana auna dantsen yaro da igiyar awo mai launi uku. Idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani. Haka kuma idan aka danna bayan ƙafafu biyu rami ya zauna. Likita zai faɗa ko abincin tamowa ya isa a gida, ko sai an kwantar da yaron.

3. Miki da ƙuraje da ƙuna. Hoto mai kyau yakan nuna ko miki yana warkewa ko yana ruɓewa, musamman a ƙafar mai ciwon suga.

4. Ciwon baki na yara. Akwai cuta mai suna noma, wadda ba ta da alaƙa da aikin gona. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki a yaran da ba su samun isasshen abinci, yawanci 'yan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki kuma sai ta ci kumatu. Idan aka gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da tsabtar baki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Hoton bakin yaro da aka aika yau yana iya ceton fuskarsa.

5. Masu doguwar jinya. Mai hawan jini ko farfaɗiya ko ciwon suga wanda likita ya riga ya gani ya ɗora shi a kan magani, ba kowane wata ne sai ya hau mota ba. Ma'aikaci zai auna shi, ya karanta wa likita sakamako, a gyara magani idan da bukata.

Abin da ba a jiran waya a kansa

Wannan sashe a karanta shi sau biyu. Waya ba ta ƙara jini, ba ta yin tiyata, ba ta taɓa ciki ta ji inda yake ciwo. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a fara neman abin hawa nan take, a yi kiran ana cikin shiri ko a kan hanya:

- mace mai ciki tana zubar da jini, ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa;
- mai ciki tana jijjiga, ko tana da ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko awon jininta ya kai 160 bisa 110;
- naƙuda ta wuce sa'a 12 ba a haihu ba;
- yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana aman duk abin da ya shiga bakinsa, ko ba ya farkawa;
- zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya;
- saran maciji, musamman kububuwa, ko da wanda aka sara yana cewa ba ya jin komai.

A irin wannan hali amfanin kiran shi ne a sanar da asibiti cewa ga mu nan tafe, domin su shirya gado da jini, likita kuma ya faɗi abin da za a yi wa majinyaci kafin a isa, ya kuma faɗi asibitin da ya dace. Wani lokaci babban asibitin Tsafe ko na Bungudu ya isa, wani lokaci sai Gusau. Sanin inda za a nufa tun daga gida yana hana yawo da marar lafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Kuskuren da muka yi

Karon farko da muka gwada wannan a wani ƙauye, mun yi kuskure uku a rana ɗaya. Mun zaunar da wata uwa a bakin ƙofar majami'a, hasken rana yana bayanta, likita bai ga komai ba sai inuwa. Ba mu rubuta komai ba kafin mu kira, saboda haka duk tambayar da ya yi sai mu juya mu tambaye ta, har data ta ƙare. Mafi muni kuma, jama'a sun taru don ganin abin mamaki, matar ta kasa faɗin ainihin abin da ya kawo ta. Sai bayan mako biyu ta gaya wa wata dattijuwa cewa matsalar ta mata ce, ba ciwon ciki ba kamar yadda ta faɗa a gaban mutane. Laifin namu ne. Daga ranar muka tsara matakan da ke ƙasa.

Yadda za a shirya

*Na ɗaya, a nemi likita tun kafin a bukace shi.* Kwamiti ya je Gusau ko babban asibitin ƙaramar hukuma ya yi magana da likita ko babbar nas ido da ido. A nemi wanda aka san inda yake aiki. A yarda a kan rana da lokaci, misali rabin sa'a sau ɗaya a mako, da abin da za a yi idan gaggawa ta taso. A tuna cewa shi ma yana da layin majinyata a gabansa. Idan 'ya'yan ƙauyen akwai mai aikin asibiti a Zariya ko Sakkwato ko Kaduna, shi ma ana iya roƙonsa. A guji masu kiran kansu likitoci a Facebook da TikTok suna tallar magani.

*Na biyu, ma'aikacin lafiya ne zai yi kiran.* Shi ya san awo, shi ya san kalmomin da likita zai gane, shi ne kuma zai ci gaba da kula da majinyaci bayan an kashe waya. Idan kowa ya samu lambar likita yana kira tsakar dare, cikin mako biyu zai daina ɗauka.

*Na uku, a rubuta kafin a kira.* Shekaru, namiji ko mace, abin da ke damunsa, kwana nawa, zafin jiki, numfashi, awon jini, nauyi, da duk maganin da aka riga aka sha, har da na kemis da na gargajiya. Kada a ɓoye wannan don kunya. A aika rubutun da hotuna tukuna. MSF ma, tun 2010, yawancin shawarar da take samar wa ma'aikatanta daga ƙwararru ta rubutu da hoto ne. Bidiyo ya fi murya cin data nesa ba kusa ba, saboda haka a buɗe shi a lokacin da ake so likita ya ga wani abu, sannan a koma murya.

*Na huɗu, wuri da haske.* Haske ya kasance a gaban majinyaci, ba a bayansa ba. A goge idon kyamara. A jingina wayar da wani abu don kada ta yi rawa. A san tun da wuri inda sabis ya fi ƙarfi a ƙauyen. Idan wurin yana nesa da majinyaci, a ɗauki gajeren bidiyo a ɗaki, a je can a aika.

*Na biyar, sirri.* A nemi izinin majinyaci ko na iyayen yaro kafin a ɗauki hoto. Kada a sa suna, kada a nuna fuska sai in ita ce wurin ciwon. Mace ta kasance tare da mace 'yar'uwarta, sauran jama'a su ba da wuri. Bayan likita ya gani a goge hoton, domin wayoyinmu suna yawo hannun yara. Kada a taɓa tura hoton marar lafiya a zauren WhatsApp na ikilisiya, ko da da niyyar neman addu'a ne ko gudummawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 duk sun hana bayyana sirrin lafiyar mutum ba da yardarsa ba.

*Na shida, a rubuta abin da likita ya ce.* A maimaita masa sunan magani da yawansa don a tabbata an ji daidai. A sa a littafi tare da kwanan wata. Idan an tura majinyaci asibiti, ya tafi da takarda. Bayan kwana uku a gaya wa likita yadda ta kaya. Wannan ne yake sa shi ya ci gaba da taimako, shi ne kuma yake koyar da ma'aikaci.

*Na bakwai, kuɗi.* Abin da ake bukata shi ne waya ɗaya mai kyamara mai kyau, ƙaramin faranti na sola ko batirin caji, layuka biyu na kamfanoni daban-daban, da kuɗin data na wata. A haɗa wannan da asusun gaggawa na abin hawa, domin shawarar "ku tafi yanzu" ba ta da amfani idan babu mai a babur. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sa mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi cikin kwamiti da asusun, gama ciwo ba ya tambayar inda mutum yake sujada, ɗakin shan maganin kuma na kowa ne.

Ranar da babu sabis

Dukanmu muna tune da ranar 3 ga Satumba, 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a dukan jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. An maido wa Gusau bayan kimanin wata ɗaya, sauran wurare kuwa sai da suka yi kusan wata uku. Ko ba a rufe ba ma, hadari yakan ɗauke sabis, batir yakan mutu. Saboda haka kada waya ta sa mu manta da abin da ke kanmu. Alamun haɗari da muka lissafa a sama, a rubuta su da manyan baƙaƙe a manna a ɗakin shan magani da majami'a, a riƙa maimaita su har kowace uwa ta haddace. A san masu babur biyu ko uku da suka yi alkawarin fita, a san mutanen da za su iya ba da jini. Mai ciki da aka ce haihuwarta tana da haɗari ta koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti tun wata na tara bai ƙare ba. Babban amfanin tattaunawa da likita kowane mako shi ne, ranar da layi ya mutu, ilimin da ma'aikacinmu ya tara yana nan tare da shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku tuna lokaci na ƙarshe da aka yi gardamar "mu tafi ko mu jira" a ƙauyenku. Wa ya yanke shawara, kuma da wane sani ya yanke ta?
2. Wane ne ma'aikacin lafiya mafi kusa da ku? Idan abu ya fi ƙarfinsa, wa yake tambaya a yanzu?
3. A ina sabis ya fi ƙarfi a ƙauyenku? Mace za ta iya yin magana a wurin ba tare da wani ya ji ba?
4. Me zai sa mutum ya ƙi yarda a ɗauki hotonsa? Yaya za mu girmama ra'ayinsa mu kuma taimake shi?
5. Ba tare da duba takarda ba, wa zai iya lissafa alamun haɗari shida?
6. Idan aka rufe layi gobe, mene ne shirinmu?

Aikin wannan wata

Ku zaɓi mutum uku, aƙalla ɗaya mace, su ziyarci ma'aikacin lafiyarku su karanta masa wannan darasi, su ji ra'ayinsa, domin ba za a yi komai ba sai da shi. Sannan ku gwada kiran bidiyo ɗaya da wani ɗan'uwa a Gusau, ba tare da marar lafiya ba, ku ga ko zai iya ƙirga numfashin yaro mai lafiya ta waya. Ku kawo abin da kuka gano a taro na gaba.